Masu Kwano a Zauren Gwaggo

Ranar da aka kai Gwaggo makwancinta, zaman makoki gida biyu ya rabu, kuma babu wanda ya raba shi da baki. A ƙofar gida, kan tabarmi, ga Baba da Baffa, ƙannenta biyu da suka rage, ga liman da mai unguwa da dattawan Dakata. A tsallaken layi kuma, gindin katangar wani sito, wasu mutane ne zaune a ƙasa, kowa ya rungume gwiwarsa. Ba a shimfiɗa musu komai ba, su ma ba su nema ba. In aka shafa fatiha a nan, sai su shafa a can.

A cikin gida mata suna ta cewa ta huta. Wata maƙwabciya ta ƙara da cewa, "Ta huta da wahalar 'ya'yan wasu." Na fito zaure da buta ke nan na ji wani tsohon masaƙi yana yi wa Baba gaisuwa.

"Allah ya jiƙanta, Alhaji. Da can duk Bompai babu mai dafa shinkafa kamarta. Tsufa ne ya zo ya ɓata mata hannu."

Saura kaɗan in sake butar a ƙafarsa. Baffa kuwa ba ya jin kowa, yana ta auna zauren da ido, daga dokin ƙofa zuwa bango, yadda mutum ke yi in ya riga ya hango kanti a wuri. Sai mai unguwa ya sunkuyo wajen Baba, ya nuna tsallaken layi da haɓa, ya ce a hankali, "To Alhaji, yanzu waɗancan fa?"

Tambayar ita ce ta hana ni kuka sosai ranar, domin na san abin da take nufi. Mutanen can ba su da ɗaki, ba su da dangi a Kano, kuma duk ranar da motar 'yan sanda ta shigo layin, mutum ɗaya ne ke fitowa ya ce nasa ne. Mutumin nan kuwa Gwaggo ce, ita aka binne da hantsi.

Ni 'yar riƙonta ce. Allah bai ba ta haihuwa ba, Baba ya miƙa mata ni tun da aka yaye ni, na tashi a ɗakinta har ta aurar da ni Hotoro. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne na san halin unguwarmu. Nan da 'yan shekaru, in an tuna da ita ma, za a ce tsohuwar nan mai ƙona shinkafa da tara ɓata-gari a zaure. Dukansu biyun ta yi, ban musa ba. Amma ina so a san yadda aka yi.

Mijinta gadi yake yi a wata masaƙa a Bompai, shi ya samo mata aikin girki a kantin abincin ma'aikata. Da ya rasu kamfani ya bar ta a wurin, har ta zama shugabar masu girki. Tukwanen kantin nan, ƙato zai iya zama a cikin ɗaya ya yi wanka. In jiniyar rana ta busa, ma'aikata su fito da auduga a gira da gashin baki, su yi layi, Gwaggo tana tsaye da ludayi tana yi wa kowa tsiya. Wanda ya rame ta ce matarsa ta yi yaji ne. Wanda ya yi ƙiba ta ce ya matsa baya, layin na masu aiki ne. Tana da alfahari da girkinta, alfahari mai yawa ma. In ta je biki aka kawo mata abinci, loma ɗaya take yi ta ce, "Allah ya ba da lada," mu da muka san ta mun san ta gama yanke hukunci.

A bakin kowace masana'anta a wancan lokaci akwai 'yan jiran aiki. Tun shekarun fari suke gangarowa, daga Gumel, daga Ɓaɓura, daga Damagaram. Da safe helima, shugaban lebura, zai fito ya nuna da yatsa, kai da kai da kai, ku zo ku sauke dilolin auduga. Sauran su koma gindin katanga su jira gobe. Haya ta fi ƙarfinsu, a nan suke kwana kan kwali, ƙarƙashin rumfar da ma'aikata ke jingine kekuna. Abin da ya rage a kantin kuwa, ta ƙofar baya ake miƙa musu, kuma babu wanda ya taɓa ɗaukar hakan wani abu.

Sai aka kawo sabon manaja. Ya ga taro a ƙofar baya, ga ƙudaje, ga rigima in abinci bai kai ba, ga baƙin kamfani na wucewa suna kallo. Ya kafa doka: duk abin da ya rage a juye shi a duro, a kwarara masa kananzir, mota ta kai bola. Gwaggo ba ta taɓa kiransa mugu ba. Cewa take yi mutum ne mai son tsafta da tsoron na gaba da shi. Amma ranar farko da ta ga ana zuba wa shinkafa da miya kananzir, ta dawo gida ta zauna bakin rijiya da zanen aikinta a jiki har magariba.

Abin da dokar ba ta taɓa ba shi ne gindin tukunya. Ƙanzo ba a lissafa shi cikin abinci, mai wanke-wanke ce ke kankarewa ta zubar. Gwaggo, shugaba guda, sai ta karɓe wankin tukwane daga hannun na ƙasa da ita. Aka yi ta mamaki, wasu suka ce neman suna ne wajen manaja. Daga nan ta fara abin da ya ɓata mata suna har ranar mutuwarta. Duk mai girki ta san cewa in shinkafa ta kusa tsotsewa, janye itace ake yi. Ita kuwa sai ta tura wani. Gindin ya kama, ya yi kauri kamar tafin hannu. In an tashi ta kankare, ta cika daro, ta rufe da tsumma, ta ɗauko a ka tun daga Bompai har gida. Mu shanya a kan soro, in ya bushe a ɗure a buhu. Da yamma a jiƙa, a daka da ƙuli-ƙuli da barkono da albasa, a ɗiga man gyaɗa in akwai. Kwaɗon ƙanzo ke nan, abincin da a ƙauye ake ci don marmari, a gindin katangar Bompai kuma shi ne tsakanin mutum da kwanan yunwa.

Ma'aikata suka fara ƙorafi.

"Gwaggo, yau ma ƙauri?"

"Tsufa ne, ɗana, ka yi haƙuri."

Haka take amsawa tana murmushi. Ta dawo gida ta dafa mana shinkafa wara-wara, ko alamar kamu babu, ta zauna tana kallon tukunyar. Cikin duk abin da ta sha a kan mutanen nan, ina jin wannan ya fi ci mata rai, ta tsaya gaban yaran da ta girme wa iyayensu tana amsa laifin da hannunta bai yi ba. Na taɓa ce mata ta gaya wa ko da mutum ɗaya ne. Ta ce in mutum ɗaya ya sani a masaƙa, jiniya ma ta sani.

Baba ne ya fara gane wa, domin ya san girkin yayarsa. Shi mutum ne mai tsayawa kan ƙa'ida, wanda ko layin famfo ba ya tsallakewa. Ya zo ya same ta tana shanya.

"Yaya, wannan fa sata ce aka yi wa kwalliya. Haƙƙin ma'aikata kike ƙonawa."

"Wanda ake zuba wa kananzir fa, haƙƙin wa ne?"

"Wannan tsakaninsu da Allah. Ke naki nake gaya miki."

Maganar ta tsaya mata, don ba ta wasa da haram. Da ƙafarta ta je gidan liman ta zayyana masa komai. Liman ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce abin da za a zubar babu laifi a ɗauka, amma ƙara wutar nan, wannan kam ta nemi gafara. Ta ce ta ji. Ba ta daina ƙara wutar ba, kuma ba ta daina neman gafarar ba. Bayan kowace salla ina jin ta tana yi, ba kuma da wasa ba.

Shekaru suka juya. Kayan aiki suka daina zuwa, masaƙu suka shiga rage ma'aikata, masu kwana a gindin katanga suka ninka. Yanzu har da waɗanda jiya suke bin layin ludayinta da katin aiki a aljihu. Gari kuma ya shiga tsoron baƙon da ba a san asalinsa ba. Aka fara kame. Mota za ta tsaya da sassafe, tambayar kuma ba ta canzawa: gidan wa kake, waye maigidanka? Wanda ya rasa amsa ya hau mota, laifinsa yawon banza. Wasu a sako su bayan sun sha wuya, wasu a kai su kotu, wasu ba mu sake jin ɗuriyarsu ba.

A nan ne Gwaggo ta koma wa tsohuwar al'ada. A Kano, gwauro ko baƙo in ya ajiye kwano a gida, ana zuba masa duk abin da aka dafa, to ya zama ɗan gidan. In ya yi rashin lafiya gidan ne za su duba shi, in ya yi laifi gidan za a kai ƙara. Sai ta daina kai abinci gindin katanga. Ta ce duk mai so ya kawo kwanonsa ya ajiye a zaurenta, ya zo nan ya ci. Yawancinsu ko kwanon ba su da shi, da gwangwani suke ci ko ledar burodi. Ta shiga ɗaki ta fara sauke jerenta, kwanukan da aka kawo ta da su gidan miji, waɗanda tun ina ƙarama ko taɓawa na yi sai na sha rankwashi. Mai furen ja ta ba wani dogo ɗan Damagaram mai tari. Mai bakin shuɗi ta ba wani tsohon mai gyaran injin saƙa da aka sallama. Kafin damina ta fita, bangon ɗakinta ya koma fili, sai zagayen da gindin kwanukan suka bari. In ana ruwa, waɗanda zauren ya ɗauka su kwana ciki, sauran su rakuɓe ƙarƙashin indararo.

Unguwa ba ta ji daɗi ba, kuma ba zan ce ba su da hujja ba. An ɓalle wa wani mai kanti kwaɗon ƙofa. An kwashe shanya. Masu 'yan mata suka ce 'ya'yansu ba sa iya wuce layin sai sun kewaya. Mai unguwa ya kira taro a ƙofar gidansa bayan la'asar. Mata ba sa zama irin wannan taro, sai Gwaggo ta ja ni muka shiga wajen matan mai unguwa, ta sa kujera daidai bayan labulen zaure inda za ta ji komai.

Mai kanti ya ce a kira 'yan sanda su share layin gaba ɗaya. Wani malamin makaranta ya ce laifin kamfanoni ne, su da ke zubar da abinci mota-mota, a je a yi musu magana. Aka tambaye shi wa zai je, ya koma ya zauna. Wani ya ce a kafa 'yan sintiri. Wani ya ce in aka kore su daga nan Sharaɗa za su koma, daga Sharaɗa a koro su Challawa, daga can su dawo mana, to amfanin me? Aka yi ta juya magana ɗaya har rana ta yi ja. Sannan na ji muryar Baba. Ya ce tausayi daban, tsaron unguwa daban, kuma abinci ne ke tara su, in aka daina za su watse. A gaban mutane ya faɗa, ya kuma san tana ji.

Ta ɗaga murya daga bayan labule. "Ranka ya daɗe, a gafarce ni. Duk wanda aka binne cibiyar ubansa a Dakata, ya yi gyaran murya in ji."

Mutum biyu ko uku suka yi, ɗaya ma tari ne ya sarƙe shi. Aka yi dariya, taro ya watse ba a yanke komai ba, kamar yadda tarukanmu suka saba.

Abin da ta ƙi faɗa a gaban jama'a, a gida ta faɗa. Ta aika aka kira Baba, ta kore ni tsakar gida, amma katangar ɗaki ba ta tare muryar Gwaggo.

"Alhaji," ta ce, kuma ba ta kiransa haka sai ranta ya ɓaci, "ranar da ka sauka Kano da ɗan buhunka, ina ka kwana? Ba a rumfar 'yan dakon gyaɗa ba? Wa ya ba ka wurin ajiye kwano? Ɗan'uwanka ne?"

"Ni aiki na zo nema, Yaya."

"Su kuma rawa suka zo yi."

Ya fita bai yi sallama ba. Damina guda ba su yi magana ba, sai dai ya aiko da gaisuwa ta bakina, ita ma ta mayar ta bakina, na zama kamar ɗan aiken gidan waya tsakanin tsofaffi biyu masu taurin kai iri ɗaya. Abin ya ƙara lalacewa da aka sace keken Baba a ƙofar masallaci, kuma aka tabbatar wani mai kwano ne a zauren ya ɗauke ya gudu. Gwaggo ba ta kare shi ba. Ta ɗauki kwanonsa ta kife a kan katanga, ta ce kada kowa ya taɓa. Ta yafa mayafi ta je gidan Baba ta ba shi haƙuri, ita da take gaba da shi. Ya ce to yanzu ta gani? Ta ce ta gani, ɗaya ya ci amana, amma yunwar sauran ba ta ragu ba.

Ba a daɗe ba aka yi babban kame, aka kwashe kusan duk mutanen zauren. Ta je caji ofis, aka ce mata mace ba ta beli, ta kawo namiji mai gida. Ta je wa Baba, ya ce kekensa bai dawo ba tukuna. Liman ya yi tafiya. Sai ta dawo gida ta jera kwanukan nan a babban daro, ta ɗora a ka, ni kuma na ɗauki bokitin kwaɗo. A lokacin ina da cikin ɗana na fari, kunya kamar ƙasa ta tsage. Ta sauke a gindin bishiyar da ke gaban ofishin, ta baje kwanukan, ta fara zubawa.

Sajan ya fito, wani baƙin mutum mai furfura wanda Hausarsa ta nuna daga nesa ya zo.

"Mama, nan ba kasuwa ba ne."

"Na sani, ɗana. Lokacin cin abincinsu ne ya yi. Kun ce ba su da gida, to ga shaidar gidansu."

Ya tsaya yana kallon kwanukan. Can ya ce, shi ma da aka kawo shi Kano yana kurtu, a gidan wata tsohuwa a Fagge ya ajiye nasa. Ya koma ciki, ya daɗe, sannan ya sa aka fito da su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce duk wanda ya nufi kwanonsa kai tsaye ba tare da dube-dube ba, ya ɗauka ya tafi. Ɗan Damagaram ya zo yana tari ya ɗauki mai furen ja. Mai gyaran inji ya ɗauki mai bakin shuɗi. Akwai wani saurayi da aka haɗa da su wanda ba mu taɓa gani ba. Ya tsaya yana raba ido, Gwaggo ta tura masa murfin bokiti da ƙafa, ta ce, "Kai kullum sai ka manta naka." Sajan ya gani sarai, ya juya yana gyara hularsa.

Tun daga ranar, in motar ta shigo layinmu, sajan zai leƙo ya ce, "Mama, naki ne?" ta ce nata ne, su wuce. Babu takarda, babu sa hannu. Duk tsaron mutanen nan a kan wannan amsar ya tsaya, da kuma numfashin tsohuwa mai kumburin ƙafa.

Daga baya masaƙar ta rufe kantin, aka sallame ta tare da sauran. Ta koma bin masu sayar da abinci na bakin titi da gidajen biki tana roƙon a bar mata gindin tukunya. Wasu su ba ta, wasu su ce na awakinsu ne. Kwaɗon ya yi ta raguwa, man gyaɗa ya ɓace daga ciki, ƙuli-ƙuli ya koma sai dai a ji ƙamshinsa. Taron unguwa kuwa bai fasa ba, duk bayan wata sata sai an sake zama, a sake faɗin abin da aka faɗa bara. Wata rana ina matsa mata ƙafa ta ce, "Na gaji, 'yar nan." Na ce to ta bari mana, ta yi iya nata. Ta ce, "Ba dakan ne ya gajiyar da ni ba. Bayanin ne. Kullum sai na sake yi wa masu ƙoshi bayanin yunwa."

Ciwon ajalinta bai yi tsawo ba. Baba yana zuwa kullum ya zauna bakin ƙofar ɗakin, su yi hirar ƙauyensu da mutanen da suka mutu. Ban taɓa jin ɗayansu ya ta da maganar zaure ba. Ta cika da safe, bayan ta tambaye ni ko an jiƙa na yamma. Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata itacen da ta tura, ya ba ta hutun da ba mu bar ta ta samu a nan ba.

Zaman makoki bai watse ba motar ta zo. Wani ne ya je ya kai rahoto, ina da wanda nake zargi amma ba zan ɗauki alhakinsa ba. Ina zaure ina tattara kofuna na ga ta tsaya tsakanin tabarmi da katangar sito. Mutanen can suka miƙe, babu wanda ya gudu, sun gaji da gudu. Sajan ya sauko, ya cire hula, ya durƙusa ya yi gaisuwa yadda ya kamata. Sannan ya dubi Baba.

"Alhaji, ku gafarce ni, aiki ne. An ce mana gidan nan ba mai shi yanzu. Waɗannan naku ne?"

Baba ya dubi ƙasa. Mai unguwa ya dubi Baba. Baffa ya buɗe baki, Baba ya ɗaga masa hannu.

"Na yayata ne."

"Allah ya jiƙanta. Ku nake tambaya, Alhaji."

Na san Baba. Ba zai ce nasa ne ba, don bai yarda da hakan ba, kuma ba ya ƙarya. Na riƙe dokin ƙofa ina jiran in ga an fara hawa mota. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Ba a raba gado ba tukuna. Duk abin da ta bari a gidan nan, ko tsinke ne, ba mai ikon gusar da shi sai an raba."

Sajan ya dubi liman. Liman ya ce haka shari'a ta ce. Sajan ya mayar da hularsa, ya ce to in an raba a sanar da shi, motar ta juya.

Ba nasara ba ce, kada wani ya ɗauka haka. Magada biyu ne, Baba da Baffa, kuma ranar da aka raba, zauren nan kanti zai zama, Baffa har ya yi magana da kafinta. Ni ba ni da ko allura a ciki. Abin da nake da shi shi ne hawa mota daga Hotoro da la'asar in daka abin da ya samu, in koma in tarar da maigidana ya kumbura, yana tambaya ko ni ma gadon aka bar min. Baba bai taɓa leƙa kwanukan ba, har yanzu in ya zo wucewa kau da kai yake yi. Amma buhun masara ya bayyana a tsakar gida ba a ce ga wanda ya aiko ba, kuma na san ɗaurin bakin buhunsa.

Baffa ya kawo malamin da zai yi rabon, Baba ya ce kansa na ciwo. Ya sake kawo shi, Baba ya ce a bari damina ta wuce. Malamin ya tuna masa cewa jinkirta rabon gado ba abu ne mai kyau ba, haƙƙin wani ne yake riƙewa. Baba ya san haka fiye da kowa, shi da ya yi rayuwarsa yana gaya wa mutane irin wannan maganar, kuma ina ganin yadda abin ke cin sa, ya rame, ya rage zama cikin dattawa. Damina ta wuce, an yi girbi. Jiya na zo shiga gidan na tarar da su biyun tsaye a ƙofa, Baffa yana faɗa ƙasa-ƙasa, yana cewa shi fa yana da iyali, yaushe za a gama wannan abu. Baba yana kallon tsallaken layi, inda ɗan Damagaram ke zaune yana tari.

"Bayan Sallah," ya ce.

"Wace Sallar, Yaya?"

Baba ya sa takalminsa ya nufi masallaci, ko kiran salla ba a yi ba.